Kunne Ya Girmi Kaka: Malaman Kimiyya, Ku Naɗi Muryoyinku

Wata Laraba bayan sallar magariba na biya gidan ƙanwata. Ba wuta, kowa ya fito tsakar gida yana shan iska. 'Yarta ta fari, wadda ke aji uku na ƙaramar sakandare, tana ta kai da komo tsakanin ƙofar ɗaki da gindin randa, littafi a hannu ɗaya, fitilar waya a ɗayan, tana maimaita wata jimlar Turanci kamar mai tilawa. Washegari suna da gwaji. Na karɓi littafin na duba, sai na ga bayani ne kan yadda ruwa ke zama tururi ya bi iska. Na ce ta kawo mini. Ta kawo tsaf, ba tuntuɓe ko sau ɗaya.

Na ɗebi ruwa a moɗa na kurɓa, na ce mata, "To, me ya sa ruwan randar nan ya fi na bokitin roba sanyi, alhali wuri ɗaya suka wuni?"

Ta dubi randar, ta dubi littafin, ta ce, "Kawu, wannan ba a koya mana ba."

An koya musu. Amsar tana cikin jimlar da ta kwashe rabin sa'a tana haddacewa. Abin da ba a yi ba shi ne haɗa mata jimlar da randar.

Abin da ya fi tsaya mini a rai kuma shi ne yanayin gidan a daidai wannan lokaci. Uwarta na gyaran shinkafa, waya a gefenta ana karanto mata littafin Hausa. Kakanta na kishingiɗe a tabarma da rediyo a saitin kunne. Yayanta ya toshe kunnuwa yana jin sharhin ƙwallo. Mutum uku na ɗaukar abu ta kunne, da harshen da suke mafarki da shi, kuma ba wanda ya tilasta su. Ita kaɗai ce ke kokawa da takarda a cikin duhu. Tun daren nan nake tambayar kaina: me zai hana muryar malaminta na kimiyya ta biyo ta gida ta cikin wayar nan?

1. Mu mutanen saurare ne

Bahaushe ya daɗe da ƙulla amana da akwatin rediyo. Sashen Hausa na BBC ya fara watsa shirye-shirye a 1957, gidan rediyon Kaduna ya biyo baya a 1962. Tun daga nan manomi a gona, makiyayi a daji, tela a kan keke, mai shayi a bakin tasha, kowa da akwatinsa. Za ka samu dattijon da bai taɓa zama a aji ba yana warware maka rikicin Gabas ta Tsakiya da sunayen shugabanni da na garuruwa. A kunne ya samo.

Malaman addini sun riga kowa gane wannan baiwa tamu. Tafsirin watan azumi ya shiga rediyo, daga nan ya koma kaset, ya koma faifai, ya koma mimori, yau yana yawo a WhatsApp. Matar aure tana tuƙa tuwo tana bin karatun Ahalari ko Iziyya, inda ya shige mata duhu ta mayar baya ta sake ji. Ka je wurin masu tura waƙa da fim a kowace kasuwar waya, za a cika maka mimori da wa'azi, da waƙoƙi, da littattafan da aka karanta. Ka ce a tura maka darasin kemistiri na ajin farko na babbar sakandare da Hausa, ka ga yadda za a dube ka. Hanya a share take, masu kaya ne ba su fito ba.

A 2020, da annobar korona ta sa aka rufe makarantu a watan Maris, jihohi da dama sun koma ba da darasi ta rediyo da talabijin. An yi ƙoƙari, sai dai rediyo na da lokacinsa. In an aiki yaro niƙa a daidai sa'ar, darasi ya wuce shi ke nan. Da aka buɗe makarantu kuwa, yawancin shirye-shiryen aka naɗe tabarmarsu.

2. Mene ne fodkas?

Shiri ne na murya da ake naɗa kashi-kashi, a ajiye shi inda mai so zai sauke ya saurara lokacin da ya ga dama. Sunan ya ɓulla a 2004, an haɗa sunan iPod, wata 'yar na'urar jin waƙa ta kamfanin Apple, da kalmar Turanci mai nufin watsa shiri. Kada baƙon suna ya razana kowa. Duk wanda ya taɓa danna alamar makirfo a WhatsApp ya aika saƙon murya ya riga ya yi rabin aikin. Ragowar rabin shi ne tsari: a san abin da za a faɗa, a faɗe shi a taƙaice, a jera darussan bi da bi.

Murya kuma ba ta cin data kamar bidiyo. Magana ta minti goma, in an adana ta daidai wa daida, ba ta wuce megabait biyar. Ana iya tura ta ta Bluetooth ko Xender ba tare da intanet ba, kuma ƙaramar waya mai madannai, matuƙar tana ɗaukar mimori, za ta kunna ta.

3. Kimiyyar tana tsakar gida

A nan ne hujjata ta fi ƙarfi. Malamin da ke tsaye gaban yara ɗari da wani abu, da minti arba'in a hannunsa, da manhajar da dole ya kammala kafin ƙarshen zango, ba shi da sararin ba da labari. Rubutu zai cika allo da shi, yara su kwafa, a buga ƙararrawa. Ban ga laifinsa ba. Amma in ya zauna shi kaɗai da wayarsa da daddare, yana da damar yin abin da aji ya hana shi, wato ya kama hannun yaro ya zaga da shi cikin gidansu.

A fara da randar nan. Jikinta na da ƙananan kafofi da ido ba ya gani. Ruwa na tsattsafowa ta cikinsu, iska ta kwashe shi ya zama tururi, kuma ruwa ba ya zama tururi sai ya ɗebi zafi ya tafi da shi. Zafin da yake ɗiba na ruwan da ke cikin randar ne. Roba ba ta da kafofin nan, shi ya sa ruwan bokiti ke zama da ɗuminsa. A daren da na ba ku labari, na ce wa yarinyar ta jiƙa bayan hannunta ta hura. Ta hura, ta ji sanyi, ta ɗago kai ta ce, "Au, ashe shi ne gumi ma yake yi!" Ban koya mata batun gumi ba, ita ta kai kanta can. Wannan umarni na jiƙa hannu a hura, murya kaɗai ta isa ta ba da shi.

Daga nan malam sai ya ba su labarin marigayi Mohammed Bah Abba, malami a Jihar Jigawa, wanda ya sa tukunya a cikin tukunya, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen ƙyalle, kayan miyan da ke ruɓewa cikin kwanaki kaɗan suka riƙa kai makonni. Wannan dabara ta sa ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Yaron da ya ji haka zai san cewa abin da ke shafin littafinsa ya taɓa kai wani ɗan ƙasarsa gaban duniya.

A zo kan asid da kishiyarsa, darasin da ke ba ɗalibai wuya. Kowace uwa a ƙasar Hausa ta san in miyar yakuwa ta yi tsami, ɗan jiƙon kanwa ake zubawa. Har karin magana muke da shi: kanwa ta kar tsami, ƙwarnafi ya kwanta. Abin da littafin kemistiri ke cika shafi biyu yana bayani ke nan. Malam na iya cewa a cikin shirin: "Dakatar da ni nan. Jiƙa zoɓo ba sukari, ka raba shi kofi biyu. Matsa lemon tsami a ɗaya, zuba ruwan kanwa a ɗayan, ka dubi launinsu, sannan ka dawo." Na lemon tsamin zai ƙara ja, na kanwar zai yi duhu ya karkata zuwa kore. Yaro ya yi gwajin da ake yi da takardar litimos, da kayan da ba su kai kuɗin kati ba. In kuma aka matsa lemon tsami a kan garin kanwa, zai yi kumfa yana ƙara, ƙarar da makirfo zai iya ɗauka. Iskar da ke fita ita ce kabon dayoksaid.

A leƙa marinar Ƙofar Mata a Kano, inda aka shafe ɗaruruwan shekaru ana rini da baba da toka. Marini na tsamo zane daga rijiyar rini da launi mai ɗan kore-kore, yana shan iska sai ya rikiɗe ya zama shuɗi. Oksijin da ke cikin iska ne ya yi aikin. Shi ne kuma dalilin da maƙeri ke zuga wuta da zugazugi in yana son ƙarfe ya yi ja. Madarar da Bafulatana ke zuba wa ɗan tsohon nono ta kwana ta yi tsami, da kalwar da ake rufewa kwanaki ta zama daddawa, duk aikin ƙwayoyin bakteriya ne.

Akwai ma darussan da kunne ya fi allo dacewa da su. Da damina, malam ya ce wa yara in sun ga walƙiya su fara ƙirga daƙiƙoƙi har su ji tsawa. Haske na tafiyar kilomita kusan 300,000 a daƙiƙa ɗaya, sauti kuwa mita 340 ko kusa da haka. Saboda haka duk daƙiƙa uku na nufin kusan kilomita ɗaya tsakaninka da inda tsawar ta faɗi. Ko kuma ya aike su wurin iyayensu su tambayi husufin ranar 29 ga Maris, 2006, wanda ya duhunta wasu sassan Zamfara da Katsina da kudancin Nijar da hantsi, sannan a kashi na gaba ya bayyana yadda wata ke shiga tsakanin rana da duniya.

Wannan salo na yin tambaya a dakata mai saurare ya amsa an daɗe da gwada shi. A shekarun 1970 an yi wani shiri na koyar da lissafi ta rediyo a ƙasar Nikaraguwa tare da masana daga Jami'ar Stanford ta Amurka. Muryar rediyo na tambaya, ta yi shiru, yara su amsa da baki. Daga can salon ya bazu zuwa ƙasashe da dama. Su da rediyo suka yi, mu kuwa muna da abin da ake iya tsayarwa a mayar baya sau goma.

4. Da wane harshe?

Da Hausa, kuma ba na jin nauyin faɗa. Na san abin da wasu iyaye za su ce: jarrabawar WAEC da NECO da JAMB duk da Turanci ake yi, me Hausa za ta tsinana? Tsoronsu na da dalili. Amma a tuna aikin Farfesa Babs Fafunwa a Ile-Ife, wanda aka fara a 1970. An koyar da yara dukkan darussa, har lissafi da kimiyya, da Yarabanci tsawon shekaru shida na firamare, Turanci kuma aka bar shi darasi mai zaman kansa. Yaran nan ba su koma baya ba, sun ma fi takwarorinsu da aka koyar da Turanci ƙoƙari.

Abin da nake ba da shawara bai ma kai nan ba. Aji na nan da Turancinsa, littafi na nan da Turancinsa. Shirin muryar ne zai zama gada: a yi bayani da Hausa har abin ya zauna, sannan a faɗi kalmar Turancin a fili, a maimaita ta, a faɗi haruffanta ɗaya bayan ɗaya. Yaron da ya riga ya gane abu, riƙe sunansa ba ya masa wuya. Kada kuma a tsaya jiran sai an ƙirƙiro wa kowace kalma fassara. Oksijin ya zauna a oksijin, kamar yadda mota da asibiti suka zauna. Wani alherin shi ne bayanin randa da malami ya naɗa a Gusau zai yi wa ɗalibi a Maraɗi ko Damagaram amfani, ko da yake shi da Faransanci zai rubuta jarrabawarsa.

5. Gani ya kori ji

Wani abokina malamin fiziks ya tare ni da wannan karin magana, kuma ya yi gaskiya. Ba a jin zanen zuciya da kunne. Ba a koyon riƙe kwalbar awo ko leƙa madubin ƙara girma ta waya. Lissafin da ke cikin fiziks sai an ga alli na tafiya a allo. Duk wanda ya ce shirin murya zai maye gurbin ɗakin gwaje-gwaje yana yaudarar kansa, kuma ina roƙon hukumomi kada su riƙi wannan a matsayin uzurin barin makarantu ba kayan aiki. Na taɓa shiga wani ɗakin gwaje-gwaje da aka mayar wurin ajiye karyayyun kujeru, famfunansa a bushe, kwalabensa sun yi ƙura. Babu muryar da za ta wanke wannan abin kunya. Aikin shirin shi ne ya shirya yaro kafin darasi, ya kuma taya shi bita bayansa.

Haɗari na biyu ya fi damuna. Magana zarar bunu ce. Kuskuren da malam ya yi a aji yana tsayawa a kan yara ɗari, wanda ya naɗa kuwa zai iya kaiwa dubbai, ya kuma yi shekaru yana yawo. Misali, akwai bambanci tsakanin cewa sauro ne ke haddasa zazzaɓin cizon sauro da cewa macen wani nau'in sauro ce ke ɗauko ƙwayar cutar daga jinin wani ta kai wa wani. Na biyun ne daidai, kuma shi zai sa yaro ya gane dalilin da ya sa ba kowane cizo ke kwantar da mutum ba. Don haka kada a saki kashi ko ɗaya sai wani malamin fannin ya saurara ya amince. Kada kuma a umarci yaro ya yi gwaji a gida da wuta, ko fetur, ko ruwan batir, ko wayar lantarki.

Sai yaran da ba sa ji. Su ma ɗalibai ne, hakkinsu ne a ba su rubutaccen abin da aka faɗa. Tunda malam zai rubuta kafin ya naɗa, takardar na nan, sai a ba su.

Wayar ma sau da yawa ta baba ce, ba ta dawowa gida sai dare, ga cajinta ya yi ƙasa. Wannan kaɗai ya isa dalilin taƙaitawa. Minti biyar zuwa takwas, batu ɗaya tak.

6. A ba yara makirfo

Naɗin kansa ba shi da wuya. A shiga ɗaki mai katifa da labule don kada murya ta yi amsa-kuwwa, a nisanci janareta da fanka, a rufe layin waya don kada kira ya katse, a riƙe ta kamar taƙi ɗaya daga baki. Bayan sallar asuba ko can cikin dare ya fi shiru. Mai kwamfuta na iya gyara da manhajar Audacity, wadda kyauta ce. A yi magana kamar ana hira da yaro ɗaya. In malam biyu suka haɗu, ɗaya na tambaya irin ta ɗalibi ɗaya na amsawa, ya fi daɗin ji.

Amma inda na fi ganin riba shi ne ranar da malam zai miƙa wa ɗalibai wayar. A raba su huɗu-huɗu ko biyar-biyar. Waɗannan su je wurin maƙeri, waɗancan wurin mai gyaran sola, wasu wurin tsohuwa mai daddawa. Su yi tambaya, su naɗo amsa, su dawo su binciki littafi, sannan su bayyana da bakinsu abin da kimiyya ta ce. Yaro na iya kwafar rubutun abokinsa, yana iya haddace jimlar da bai gane ba, amma ba zai iya yi wa kakarsa bayanin abin da bai fahimta ba da Hausa. Nan take za a ji inda ya tsaya. Malam ya samu hanyar auna fahimta da ta fi gwajin cike gurbi. Yarinyar da kunya ke hana ta ɗaga hannu a aji kuma, sau da yawa za ka ji bakinta ya buɗe in daga ita sai ƙawayenta.

Akwai wata riba da ba a lissafa ta. Maƙerin da yara suka zo da ladabi suna tambayarsa sirrin sana'arsa zai daina ganin boko a matsayin abin da ke raba shi da 'ya'yansa. Uwar da ta ji muryar 'yarta a waya tana bayanin dalilin da kanwa ke kashe tsami za ta ƙara son barin ta a makaranta. Sai dai a nemi izinin iyaye kafin a yaɗa muryar yaro, kuma kada a ambaci cikakken sunansa ko unguwarsu.

7. Wa zai fara?

Na san halin da malamai ke ciki. Wanda albashinsa ba ya kai shi tsakiyar wata, ga buga-bugar yamma don cefane, ba adalci ba ne a ɗora masa sabon kaya a ce ya ɗauka shi kaɗai. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In malaman kimiyya goma a ƙaramar hukuma ɗaya suka raba manhajar zango, kowa ya ɗauki batu biyu, sun samu kashi ashirin ba wanda ya gaji. Rassan ƙungiyar malaman kimiyya ta ƙasa, STAN, su ne suka fi dacewa da tsara wannan da tantance shi. Kwalejojin ilimi su sa kowane ɗalibin malanta ya naɗi darasi ɗaya kafin ya fita koyarwar gwaji. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, da ke tara kuɗi don walimar shekara, su ware wani abu don data da ɗan ihsani ga malaman da suka yi aikin. Gidajen rediyon FM da suka cika garuruwanmu su ba da minti goma a mako. Iyaye kuma, in darasi ya iso wayarku, ku ba yaro aronta, ku zauna ku ji tare da shi.

Malam, Malama, kada ku jira takarda daga ma'aikata. A cikin makon nan ku zaɓi batu ɗaya da kuka san yana ba ɗalibanku wuya, ku nemo misalinsa a madafi ko a kasuwa, ku rubuta shafi ɗaya da Hausa, ku naɗa, ku ba abokin aiki ya saurara, sannan ku tura wa iyayen ajinku. Ranar Litinin ku tambayi yaran abin da suka ji.